Darasi na 14: Yadda Aka Haɗe Asibitocin Soja a Tsibirin Malta

Idan kuka buɗe taswira kuka duba tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Libiya da Italiya, za ku ga wani ɗan ɗigo kudu da tsibirin Sisili. Wannan ɗigon shi ne Malta. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ne, babban tsibirinta kuwa tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba. Turawan Ingila sun karɓe ta daga hannun Faransawa a 1800, yarjejeniyar Faris ta 1814 ta tabbatar musu da ita, suka riƙe ta har zuwa 21 ga Satumba, 1964. Malta ba ta da ma'adinai, ruwan sha ma ƙaranci yake yi. Abin da ya ja hankalin Ingila shi ne babbar tashar jiragen ruwan da ke gindin birnin Valletta, mai zurfi, wadda ganuwa ta kewaye. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 darajar tashar ta ƙaru, domin jiragen da ke zuwa Indiya a nan suke tsayawa su ɗebi gawayi.

Inda soja ya yi yawa dole a sami asibiti. Abin da za mu bincika a wannan darasi shi ne me ya sa gwamnati ɗaya, a kan tsibiri ƙarami haka, ta shekara fiye da 130 tana riƙe da asibitin sojan ƙasa daban, na sojan ruwa daban, da kuma abin da ya sa daga baya ta haɗe su.

Ma'aikatu biyu a Landan

Tushen maganar yana Landan. A wancan zamani Birtaniya ba ta da ma'aikatar tsaro guda ɗaya. Sojan ruwa suna ƙarƙashin hukumar Admiralti, sojan ƙasa suna ƙarƙashin Ofishin Yaƙi, kowace da ministanta, kowace tana kai nata kasafin kuɗi gaban majalisa. Da aka kafa rundunar sojan sama a 1918 sai suka zama uku. Zamansu ya yi kama da na kishiyoyi a gida ɗaya: cefane daga aljihun maigida ɗaya yake fitowa, amma kowa da murhunta, kuma ba wadda za ta yarda a ɗora mata tukunya a na wata.

Rabuwar ta gangaro har bakin gadon majinyaci. Likitocin sojan ƙasa suna da ƙungiyarsu, wadda aka yi wa sabon tsari a 1898, da muƙamai irin su kyaftin da manjo da kanar. Likitocin sojan ruwa da nasu muƙaman, da nasu kaki, da nasu dokokin horo. A 1902 aka sa wa ma'aikatan jinya mata na sojan ƙasa sunan Sarauniya Alexandra, a shekarar kuma aka sa wa na sojan ruwa sunan wannan sarauniyar, amma ƙungiyoyin suka ci gaba da zama biyu.

Sojan ƙasa su suka gaji tsohon asibitin Valletta. Wata ƙungiyar mayaƙan Kirista masu jinya, wadda ta mulki Malta daga 1530, ita ta fara gina shi a 1574. Babban zaurensa na kwanciya ya kai tsawon mita 155, kuma a zamaninsa yana cikin manyan asibitocin Turai. Amma kafin ƙarni na 19 ya yi nisa ginin ya tsufa. Yana can gangare a ƙarshen gari, gidaje sun matse shi, iska ba ta ratsa shi sosai, magudanan ƙazanta ba su da kyau. Bayan Yaƙin Kirimiya, da Florence Nightingale ta tayar da maganar tsafta a asibitocin soja, an turo masu bincike, Douglas Galton da Dakta John Sutherland, rahotonsu na 1863 kuwa bai yabi wurin ba. Maimakon a gina babba guda ɗaya a huta, hanyar ƙari aka riƙa bi: asibitin Forrest a 1860, na Cottonera a 1873, da wasu ƙanana a kusa da barikoki.

Sojan ruwa kuwa nasu suka gina a Bighi, a kan wani tsauni da ya shiga cikin ruwan tashar. An aza harsashi a 1830, aka gama a 1832. Ku tsaya ku dubi yadda ake kawo maras lafiya wannan asibiti, domin a nan hujjar sojan ruwa take. Jirgin yaƙi yana tsaye a tsakiyar tasha. Sai a sauko da majinyaci a kan ɗan gadonsa zuwa kwale-kwale, a tuƙa shi zuwa gindin tsaunin. A nan akwai wata doguwar hasumiya da aka gina a 1903, da na'urar ɗagawa a cikinta. A shigar da gadon, na'ura ta hau da shi sama, a bi wata 'yar gada a kai shi ɗakin jinya. Daga jirgi har gadon asibiti ba keken doki, ba girgizar hanya. Mutumin da tukunyar injin jirgi ta ƙona, ko ya faɗo daga sama ya karye, wannan sauƙi yana iya zama dalilin rayuwarsa.

Zazzaɓin da bai san kaki ba

Ciwon da ya fi cika gadajen asibitocin nan biyu lokacin zaman lafiya wani zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓɓai, yakan kwantar da ƙato watanni. Zazzaɓin Malta ake ce masa. A 1887 wani likitan sojan ƙasa mai suna David Bruce, yana aiki a asibitin Valletta, ya ware ƙwayar cutar daga saifar sojojin da ta kashe. Sanin ƙwayar bai hana cutar ba, don ba a san ta inda take shiga jiki ba. Sai a 1904 aka kafa kwamitin bincike, Bruce na shugabanta, a ciki akwai likitocin sojan ƙasa, da na sojan ruwa, da na gwamnatin farar hula ta Malta. A 1905 wani likita ɗan ƙasar, Themistocles Zammit, ya gano cutar a jinin awaki, sannan aka same ta a nononsu.

Al'adar garin ita ce makiyayi ya kora garken awakinsa cikin lunguna, matar gida ta miƙo kwano, ya tatsar mata a ƙofar gida tana kallo. Kowa ya ɗauka babu madarar da ta kai wannan tsafta. Asibitocin ma ita suke ba marasa lafiya don su yi ƙarfi. A 1906 aka hana soja shan ɗanyen nonon akuya, kuma cikin shekara biyu masu kamuwa a cikinsu suka ragu daga ɗaruruwa a shekara zuwa 'yan ƙalilan. Makiyayanmu sun san dangin wannan cuta a shanu, ita ce bakkale mai sa ɓari, shi ya sa likitoci ke cewa a tafasa madara. Bruce ɗin nan kuma shi ne ya nuna cewa ƙudan tsando ke yaɗa sammore, a binciken da ya yi a Afirka ta Kudu.

Wannan nasara ta shafi batunmu ta fuska biyu. Ta nuna likitocin rundunonin suna iya aiki tare idan abu ya kai musu iya wuya. Ta kuma rage majinyata, gadaje suka fara zama babu kowa, masu lissafin kuɗi suka sami abin magana.

Yaƙi ya buɗe, zaman lafiya ya rufe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da maganar ragewa. Daga 1915 jiragen ruwa suka riƙa kwaso raunana da marasa lafiya daga Gallipoli a ƙasar Turkiyya, sannan daga Salonika a Girka. Makarantu da barikoki da filayen tantuna duk suka koma wuraren jinya, har aka kai asibitoci da sansanoni 27 masu gadaje kimanin 25,000. Mutum sama da 130,000 aka yi jinya a tsibirin kafin yaƙin ya ƙare.

Haɗewar farko bayan yaƙin ta zo, kuma a cikin gida aka yi ta. A 1920 sojan ƙasa suka buɗe sabon babban asibitinsu a Mtarfa, kan tudu a tsakiyar tsibirin, kusa da tsohon birnin Mdina, inda iska ke kaɗawa. Aka kwashe majinyata daga Valletta da Cottonera, Forrest ya bi baya a 1922. Wannan ba ta yi wuya ba, tunda ma'aikata ɗaya ce ta rufe ƙananan asibitocinta ta tara su wuri guda, ba wanda ya rasa muƙami ga baƙo.

Gardamar 1922

Mai wuyar ita ce haɗa Mtarfa da Bighi. Birtaniya ta fito daga yaƙi da bashi a wuya. Gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Geddes ya nemo inda za a tsuke bakin aljihu, kuma a rahotonsa na 1922 ya ba da shawarar a tara rundunonin uku a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro ɗaya. Daga nan aka kafa wani kwamitin, wanda Sir Alfred Mond ya fara shugabanta, Lord Weir ya gaje shi, don ya duba ko za a iya haɗe ayyukan da rundunonin suka yi tarayya a kai: likitanci, da limancin coci, da sayen kaya, da sufuri.

Hujjar masu son haɗewa lissafi ce, kuma ya kamata ku fahimce ta sosai domin har yau ita ake kawowa a ko'ina. Kuɗin asibiti kashi biyu ne. Akwai wanda ke hawa da sauka gwargwadon yawan majinyata, kamar abinci da magani da bandeji. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ko gado a cike yake ko wayam: albashin likitan tiyata, ɗakin tiyatar kansa, injin hoton ƙashi, ɗakin gwajin jini, madafa, wurin wanki, mai gadi, magatakarda. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, akwai asibitoci biyu, kowanne gado 200, kowanne majinyata 90 ke kwance. In aka tara su wuri ɗaya mutum 180 ne, asibiti ɗaya ya ɗauke su, an huta da biyan kashi na biyu sau biyu. Bayan kuɗi akwai ƙwarewa. Likitan tiyatar da ke aiki kullum hannunsa ya fi faɗawa a kan na wanda ke yi jefi-jefi, kuma babban asibiti yana iya riƙe likitan ido ko na kunne wanda ƙaramin ba shi da isassun majinyatan da za su cika masa yini.

Masu adawa ma ba hannu rabbana suka zo ba. Sojan ruwa suna da maganar nisa: Mtarfa ta fi kilomita 10 daga tasha, kuma hawa ne, alhali Bighi a bakin ruwa yake. Suna da maganar horo, cewa asibitinsu na Bighi shi ne makarantar ma'aikacin jinyar da gobe za a sa shi kaɗai a jirgi, a tsakiyar teku, babu likita kusa. In asibitin ya koma hannun wata runduna, ina za a koya masa aiki? Akwai maganar doka: sojan ruwa yana kwance a asibitin sojan ƙasa ya yi rashin kunya, wa zai hukunta shi, da wace doka? Wa zai sa hannu cewa ya warke ya koma jirgi, ko a sallame shi da fansho? Wace ma'aikata za ta biya kuɗin kwanansa? Sannan hujja mafi nauyi, wadda 1915 ta riga ta gwada: gadon da yake wayam yau shi ne za a nema ido rufe ranar da yaƙi ya tashi.

Akwai kuma dalilin da ba kasafai ake rubuta shi a takardar gwamnati ba. Kowane babban asibiti kujera ce ta babban hafsa. In asibiti biyu suka zama ɗaya, kujera ɗaya ta tafi, hanyar ƙarin girma ta ƙuntata ga duk likitocin rundunar da aka karɓe wa. Mai karatu da ya taɓa ganin an haɗe ofisoshi biyu a wurin aikinsa ya san irin guna-gunin da ke biyo baya.

Kwamitin Mond da Weir, wanda aka buga rahotonsa a 1926, bai goyi bayan haɗewa ba. Ya ga ba za ta kawo rarar kuɗi mai yawa ba a halin da ake ciki, ya ba da shawarar a riƙa tuntuɓar juna da taimakon juna. A wasu wurare an ɗan motsa. A Jibralta an rufe tsohon asibitin sojan ruwa a 1922, aka bar na sojan ƙasa. A Malta, hedkwatar rundunar jiragen Bahar Rum, Bighi ya tsaya inda yake.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Jiragen Italiya sun fara jefa bama-bamai ranar 11 ga Yuni, 1940, na Jamus suka biyo, abin ya tsananta a 1942. Kusancin Bighi da tashar jirage, wanda shi ne abin alfaharinsa, ya sa shi a bakin wuta, gine-ginensa suka sha bom. Nauyi ya koma Mtarfa, wadda aka faɗaɗa aka ba ta suna Babban Asibiti na 90. Ita ma ba a inuwa take ba, domin filin jiragen yaƙi na Ta' Qali yana gindinta. (Wannan al'ada ta sa wa asibitin soja lamba ta bar alama a yankinmu: asibitin 37 na Accra, wanda aka kafa a 1941, da asibitin 44 na Kaduna.) Mai son haɗewa sai ya ce, ga shi dai kusan wuri ɗaya aka koma. Mai adawa ya ce, da ɗaya kaɗai ake da shi kuma bom ya same shi fa?

Haɗewar da ta zo a makare

Abin da hujja ta kasa yi, raguwar daula ta yi shi. Indiya ta sami 'yanci a 1947, hanyar da Malta ke gadi ta rage muhimmanci. Rikicin Suwez na 1956 ya nuna iyakar ƙarfin Birtaniya. A 1957 ministan tsaro Duncan Sandys ya fito da shirin rage yawan soja da daina ɗaukar samari aikin soja na dole. Wannan ya taɓa asibitoci kai tsaye, domin likitoci matasa da yawa ta hanyar aikin dolen suke shigowa, kuma da ya ƙare a farkon shekarun 1960 sai likitocin soja suka yi ƙaranci. Riƙe asibiti biyu a wuri ɗaya ya zama abin da ba kuɗi, ba ma'aikata.

Dabarar da aka bi mai sauƙi ce, kuma ta kauce wa gardamar 1922 gaba ɗaya. Ba a narkar da ƙungiyoyin likitocin ba, kowa ya riƙe kakinsa. An dai ce a kowane sansani runduna ɗaya ta ɗauki jinyar kowa. A Malta aka ba sojan ruwa, suka karɓi Mtarfa a 1962. A Jibralta ma su aka miƙa wa asibitin sojan ƙasa a 1963. A Hong Kong, inda sojan ƙasa suka fi yawa, su suka riƙe. Ma'aikatun uku na Landan kansu sai a 1964 aka haɗe su, shekara 42 bayan shawarar Geddes.

Ko da runduna ɗaya ta riƙe gine-ginen biyu, sai da aka ƙara shekara takwas kafin a rufe ɗaya. Kuma ku lura da wanda aka rufe. A Satumban 1970 sojan ruwa da kansu suka kulle Bighi, mai hasumiya a bakin ruwa, suka koma Mtarfa da aka gyara, wadda ke ɗauke da sunan David Bruce, likitan sojan ƙasa. Nisan da aka daɗe ana kuka da shi motar asibiti ta riga ta cinye shi. Asibitin da aka haɗe bai daɗe ba: an rufe shi a 1978, sojan Birtaniya na ƙarshe suka bar Malta ranar 31 ga Maris, 1979. Shekara takwas kacal aka ci moriyar abin da, a ganina, tun shekarun 1920 ya kamata a ce an yi shi, ko da an bar ƙaramin wurin karɓar gaggawa a bakin tasha.

Ina mutanen ƙasa?

A duk wannan muhawara, ma'auni shi ne lafiyar sojan Ingila da iyalinsa, da aljihun baitulmalin Landan. Talakan Malta asibitinsa daban ne, na gwamnatin farar hula a Floriana, daga baya na St Luke. Zazzaɓin da aka raba soja da shi a 1906 ya ci gaba da kama mutanen gari shekaru da dama, domin ba a fara sayar musu da madarar da aka dafa a masana'anta ba sai a 1938. Kuma ga Bamalte mai dafa abinci ko wanki ko shara a asibitin soja, kalmar haɗewa sallama take nufi, a ƙasar da aikin soja da na tashar jirage su ne manyan hanyoyin samun albashi. Tsoron rage ma'aikata a tashar yana cikin abin da ya jawo tarzomar Afrilun 1958, lokacin da Firayim Minista Dom Mintoff ya yi murabus.

Gine-ginen dai sun koma hannun masu ƙasa. Cottonera ya zama kwalejin St Edward tun 1929. Tsohon asibitin Valletta zauren taro ne na ƙasa da ƙasa tun 1979. Mtarfa ta zama makaranta. A Bighi an buɗe cibiyar koyar da kimiyya ga yara a 2016.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko su zama jami'an baitulmali a 1922, na biyu likitocin sojan ruwa na Bighi, na uku ma'aikatan asibiti 'yan Malta waɗanda ba a gayyata zaman ba. Kowane rukuni ya kawo hujjarsa cikin minti biyar, sannan aji ya yanke hukunci: a haɗe ko a bari? Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan wuraren shan magani biyu da ya sani a garinsu masu kusa da juna. Ya faɗi wa ke riƙe da kowanne, wane aiki suke maimaitawa, kuma wa zai fi shan wahala idan aka rufe ɗaya. Ku zo da takardun, a kansu za mu fara.